Mota ta sulale cikin dam, Yaya ya mare ni gaban masunta, in saida kasona in huta?

Assalamu alaikum Kawu, da fatan an tashi lafiya, ya iyali. Ni matashi ne daga Daura, shekarata 27. Bayan rasuwar Babanmu aka raba gado, ni da Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya muka haɗa kuɗinmu rabi da rabi muka sayi jirgin ruwa na faiba ɗan kwatano da injin Yamaha 40 da 'yar tirelar da ake ɗora shi. Muna shiga wani dam nan kusa damu muna sarin kifi hannun masunta tun suna cikin ruwa, mu fito dashi mu saida ma masu suya da masu banda. Saboda tsoron ɓarayin inji bamu barin jirgin bakin ruwa, kullum da asuba mu jawo shi da Hilux ɗin da surukin Yaya ya bamu aro, da yamma mu ɗora mu maido gida. Ni ke tuƙa mota shi yana cikin jirgi. To ranar da abun ya faru mun yi yamma, an kusa kiran magariba, ina ribas da tirela shi kuma yana daga cikin jirgi yana ta ihu ƙara ƙara, na ce mashi tayar baya ta taɓa laka yace in ƙara dai. Na ƙara, na ja birkin hannu na fito in maƙala igiyar winci, abun naɗin da ke jawo jirgi kan tirela, ina cikin naɗawa kawai naga mota ta biyo ni baya, da ƙyar na yi tsalle gefe. Ruwa ya shiga har kujeru. Sai da masunta suka taru aka samo tarakta ta jawo ta. Kawu gaban mutanen nan Yaya ya ɗauke ni da mari yace dama ni ban taɓa amfana ma kowa komai ba. Yau sati uku gida ɗaya muke ko gaisawa bamu yi. Yace kuɗin gyara gaba ɗaya a kasona za'a cire, kuma wai da sallah zai riƙa ɗaukar yara yawon ruwa a maida asara. Inna kullum kuka take tana cewa in yi haƙuri shi ne babba. Ni kuma zuciyata na ce mani in saida kasona in sayi Keke Napep in huta. Dan Allah a bani shawara, a ɓoye sunana.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah ɗana. Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta, ya sanya albarka cikin abun da ya bar maku. Kafin komai ina so ka tsaya ka yi ma Allah godiya kan tsallen nan da ka yi gefe, don inda kake tsaye ɗin nan, tsakanin bayan mota da gaban jirgi, babu wurin da ya fi shi haɗari in mota ta sulale, da ƙafarka ta maƙale a laka ko igiya ta harɗe ka da yanzu ba maganar kuɗin gyara ake yi a gidanku ba. Marin ya yi zafi kuma zan zo kanshi, amma na lura duk tsawon wasiƙarka daga kai har Yaya babu wanda ya waiwayi wannan, kowa idonshi na kan mota.

Abun da na gani cikin labarinku shi ne aikin mutum uku kuke yi ku biyu, kuma tun ranar farko haka kuke yi, Allah ne kawai yake ta rufa maku asiri har ranar nan. Fiddo jirgi daga ruwa yana son mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya cikin jirgi, ɗaya kan winci, wannan abun naɗe igiya da ke gaban tirela. Ku kuma da yake ku biyu ne dole direba ya bar kujerarshi ya je ya zama mai winci, to nan gizo ke saƙar. Kaga muddin kana zaune ƙafarka na kan birki, tayoyi huɗu ne ke riƙe da motar, har da na gaba da ke kan busasshiyar ƙasa. Da ka ɗaga ƙafa ka ja birkin hannu, tayoyin baya kaɗai ya kama, su kuma tayoyin bayan su ne ka ce da bakinka sun riga sun taka laka. Sai ka zo ka fara naɗe winci, nauyin jirgi da inji da kifin da ke ciki ya fara hawa tirela yana jan motar baya. Birkin bai tsinke ba, ya riƙe taya tsaf, tayar ce ta ja ciki a kan santsi tana kulle. Ko direban da ya shekara talatin yana tuƙi ya yi abun da ka yi a wurin nan haka zata faru dashi.

Sannan ga shi damomin namu ba don a riƙa tura masu tirela aka gina su ba. Ajiwa ruwan shan birnin Katsina take badawa, Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama ta a 1983 saboda noman rani da ruwan sha, haka Jibiya, haka Sabke da Daberam can wajenku, inda mutane ke sauka bakin ruwa yawanci gangaren da shanu da masu amalanke suka fafe ne. Ƙarshen damina wajen Satumba zuwa Oktoba ruwa na cike har kan ƙasa mai tauri, mota ta tsaya lafiya lau, amma daga nan kullum ja baya yake har zuwa bazara, kuma duk inda ya ja ya bari laka ce da ta bushe a sama kamar ƙanzon tuwo, ka taka da ƙafa ka ji ƙarfi, ka ɗora mata mota ta fashe sai taɓo baƙi mai wari. Wato wurin da ka tsaya lafiya watan jiya ba shi ne wurin da zaka tsaya yau ba, ko da kuwa itacen da kake saiti dashi bai motsa ba.

To laifin wa? Gaskiya zan faɗa maka ɗana don ita ka zo nema. Kana da naka kason. Ka ga laka da idonka, ka faɗa, aka ce ka ƙara ka ƙara, alhali wanda ke riƙe da sitiyari shi ke da maganar ƙarshe kan mota ko da ƙarami ne, sannan ka fito babu weji ko dutse ƙarƙashin taya, kuma ina kyautata zaton ba ka kashe mota ka bar ta cikin giya ba tunda baka ambata ba. Yaya ma yana da nashi, kuma ba ƙarami ba, mutumin da ke cikin jirgi yana kallon wutsiyar tirela ne, ba ya ganin abun da tayar mota ke takawa, bai kamata wanda ke gani ya ce laka shi kuma da ba ya gani ya ce ƙara ba. Yin yamma har duhu ya fara kuwa naku ne ku duka, sauri shi ya kawo ihun, ihun shi ya ruɗa ka. Saboda haka wanda duk ya ce maka laifin naka ne kai kaɗai bai yi adalci ba, wanda ya ce baka da laifi ko kaɗan shi ma yana so ne kawai ka ji daɗi.

Yanzu ka ɗan shiga rigar Yaya. Motar ba tashi bace, ta uban matarshi ce, kuma ka san yadda kunyar suruki take a ƙasar nan, mutumin da ko ido baka iya haɗawa dashi sosai, ya yarda da kai ya miƙa maka makulli, kai kuma ka tsaya kana kallon motarshi tana nutsewa gaban jama'a. A lokacin nan abun da ke kanshi shi ne da wane baki zai je ya faɗa, me matarshi zata ji a gidansu, me za'a ce a gari gobe. Ga tsoro, don ina da yaƙinin shi ma daga cikin jirgi ya ga motar ta nufo ka, kuma akwai mutanen da in suka firgita faɗa ke fito masu maimakon kuka. Wannan duk bayani ne na abun da ya tunzura shi, amma bai halatta mashi mari ba. Kai ba yaro bane, abokin tarayyarshi ne da ya zuba kuɗi daidai da nashi, Annabi (SAW) ya hana dukan fuska, kuma maganar nan ta baka taɓa amfana ma kowa komai ba na san ita ta fi marin ci maka rai, ita ce ke hana ka barci ba kuɗin gyara ba. Kana da haƙƙin a baka haƙuri a kanta, kar kowa ya sa ka ji kamar rashin kunya ne ka nemi hakan.

Amma sati uku babu sallama ya yi yawa ɗana, ka san hadisin da ya hana musulmi ƙaurace ma ɗan'uwanshi sama da kwana uku, kuma ya ce mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Gobe da asuba in kun fito masallaci ka gaishe shi, Yaya ina kwana, shi ke nan, kar ka ƙara komai, ko ya amsa ciki ciki ko bai amsa ba ka sauke naka nauyin. Gaisuwa ba ta nufin ka yarda laifin naka ne, ba ta nufin ka yafe kuɗinka. Ka yi haka kwana biyu uku, sannan ka sami Inna ita kaɗai ka ce mata kin ce in yi haƙuri kuma na ji, ga shi na fara gaishe shi, amma ina roƙon a zauna a yi maganar. Inna ba wai bata ga an cuce ka bane, uwa ce da ta rasa miji tana kallon 'ya'yanta biyu na neman rabewa kan abun da mijin ya bari, haƙuri ne kawai makamin da ke hannunta kuma ta fi jin sauƙin roƙon ƙarami. Kar ka ɗora mata alƙalanci, ya fi ƙarfin zuciyarta yanzu. Ku nemo ƙanin Babanku ko wani kawu da Yaya ke jin nauyi, wanda ba mai kwasar magana zuwa majalisa ba, shi ya zaunar daku.

A zaman nan kai ka fara, ka ce na fito daga mota ban sa weji ba, wannan nawa ne na ɗauka. Wallahi zaka ga yadda wannan kalma ɗaya ke kwance mutum, don Yaya ya shirya ma musu ne. Sannan ka ce da ladabi, amma Yaya marin nan da maganar nan gaban mutane sun yi mani ciwo. Ka yi shiru ka bar dattijo ya yi aikinshi. Kuma ka sani yayyenmu da yawa bakinsu ba ya iya furta ka yi haƙuri ga ƙani, wani sai dai ya ce abun ya wuce, ko ya turo maka abinci, ko ya kira ka ku tafi aiki, in ya zo ta wannan hanyar ka karɓa, amma a gaban dattijon a kafa sharaɗi ɗaya, babu duka babu zagi a bakin aiki, duk abun da ya ɓaci a bari a zo gida.

Maganar kuɗi kuwa, a ƙa'idar tarayya a musulunci asara tana bin gwargwadon jarin kowa ne, sai in ɗaya ya yi ganganci ko sakaci shi kaɗai, ku kuma kamar yadda na nuna maka sakacin ya ratsa ku biyu kuma a cikin aikin tarayya ya faru. Ni a ganina kuɗin gyara daga asusun jirgi ya kamata ya fita, rabi da rabi yadda kuka zuba. In Yaya ya turje ku kai ma malamin da ya san fiƙihun ciniki ku faɗi labarin tare a zama ɗaya, kar kowa ya je shi kaɗai ya dawo da fatawar da ta yi mashi daɗi. In kai don kanka ka ga zaka ƙara wani abu sama da rabi saboda a zauna lafiya, kyauta ce ka yi kuma Allah zai baka lada, amma a faɗa a gaban shaidu cewa kyauta ce.

Shi kuma suruki ku je tare, kar ka bar Yaya ya je shi kaɗai, kai ka tuƙa motar, zuwanka zai rage ma Yaya nauyi ya kuma sauƙaƙa ma matarshi da ke tsakiya tana shan kallo ta ko'ina. Ku ba shi haƙuri, ku faɗa mashi gaskiyar yadda akai, kuma kar ku maida mashi mota don kawai ta tashi an wanke kujeru. Motar da ta sha ruwa tana ɓoye ciwo, ku sa makaniki ya juye man inji, ya buɗe man giya da na aksul ɗin baya da na gaba ya duba, in ya ga man ya koma fari fari kamar an zuba madara to ruwa ya shiga, a juye a sa sabo, a canza matatar iska, a buɗe birkin baya a wanke laka, mai wayarin ya bi soket soket ya busar, a ciro kafet a shanya a rana don in aka bar shi da danshi ƙasan motar zai yi tsatsa. In kun bar wannan, bayan wata biyu aksul ya fara kuka a hannunshi, kunyar zata fi ta yanzu. Sannan ku tambaye shi kai tsaye ko har yanzu ya yarda a riƙa kai motarshi bakin ruwa, in ya ce a'a kar ku ji haushi.

To in Allah yasa an shirya za'a koma aiki, kar ku koma yadda kuke. Ku ɗauki yaro na uku, cikin 'ya'yan masuntan nan ba zaku rasa mai hankali ba wanda ya iya iyo kuma ya san gaɓar, ɗan abun da zaku sallame shi dashi bai kai ko kuɗin kafet ɗin motar ba. Dokarku ta zama direba ba ya sauka muddin tirela na cikin ruwa, ƙafa kan birki, gilashi a sauke, bel a kwance, kuma ba kowa cikin motar sai shi. In Hilux ɗin mai ogzilari ce, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, ka sa ta tun kana sama, wadda aka rubuta L4, in tsohuwar ƙira ce mai makulli a cibiyar tayar gaba sai an sauka an murɗa shi da hannu sannan tayoyin gaba ke ja. A sassaƙo maku weji biyu na katako mai kauri, a huda a ɗaura masu igiya a jikin mota, yaro ya cusa su bayan taya da zarar ka tsaya, in ka ja gaba su biyo ka da kansu ba sai wani ya tsugunna ƙarƙashin mota ba. In wata rana dole ta sa ka sauka, weji tukuna, birkin hannu, kashe inji, bar ta a giya ɗaya. Kuma duk safiya kafin ka juya mota ka sauka da ƙafarka da sanda ka caccaki gangaren har cikin ruwa, inda ƙasa mai tauri ta ƙare ka kafa turke a gefe, tayar bayan mota ba ta wuce turken nan ko wa ya ce ƙara.

Ihun nan na ƙara ƙara, hagu dama, ku daina shi gaba ɗaya, don wanda ke fuskantar ka hagunshi damarka ce, ga ƙarar inji ga masu kallo kowa na bada tashi shawarar. Mutum ɗaya ne ke nuna maka hanya, ya tsaya gefen direba inda kake ganinshi a madubi, ya nuna da hannu inda yake so wutsiyar tirela ta nufa, in ya dunƙule hannu tsaya, in ka daina ganinshi a madubi ma tsaya. Kai kuma ka riƙe sitiyari daga ƙasa, duk gefen da ka kai hannunka can wutsiyar tirela zata tafi, kaɗan kaɗan, don gajeruwar tirela saurin karyewa gare ta, in ta fara lanƙwashewa kar ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Tirelar da ba jirgi a kanta ba ta ganuwa daga cikin Hilux, sai ka sauke ƙofar bodi, ko mai walda ya kafa maku ƙarfe biyu tsaye a ƙarshenta a zura masu farin bututun roba, kana ganinsu a madubi kuma su ke shiryar da jirgi ya shigo tsakiya in iskar hunturu na tura shi gefe. Ka sami yamma biyu uku ka je filin ƙwallo ka jera jarkoki ka yi ta gwaji kai kaɗai ba mai yi maka tsawa, hannunka zai faɗa.

Wajen sakawa da safe, duk shiri a sama ake gama shi nesa da ruwa, a zuba kaya, a kwance maɗaurin baya, a zare wayar fitilar tirela, a ɗaga inji, a toshe ƙofar ruwan nan da ke ƙasan bayan jirgi, ita wannan toshiyar ku ɗaura ta jikin igiyar kashe inji don kar a taɓa mantawa. Igiyar winci da sarƙar gaba kuwa ba'a kwance su sai bayan jirgi ya taɓa ruwa, wanda ya kwance tun sama yana taka birki a gangare jirgi zai zame ya faɗi ƙasa. Tsayuwar shirin nan tana da wani amfani, boris ɗin tayar tirela yana hucewa, don in ya shiga ruwan sanyi da zafinshi zuƙo ruwa yake ya wanke giris, ku da kuke tsoma shi sau biyu kullum ku riƙa cika mashi giris akai akai. In an tada inji a tabbata ƙafarshi na cikin ruwa kuma siririn ruwan nan na tsartuwa ta baya, tada shi a bushe ko na ɗan lokaci yana ƙona robar famfon da ke sanyaya shi.

Wajen fiddowa kuskuren da aka fi yi shi ne zurfafa tirela da yawa, kuma shi Yaya ke nema ranar nan don jirgi ya hau ba wahalar naɗi. In ta nutse duka jirgi yawo yake a kanta ba ya zama daidai, abun da ake so wajen kashi biyu cikin uku na katakan da jirgi ke kwanciya a kai su shiga ruwa, sauran winci ya ƙarasa. Ranar da kuka dace da zurfin da ya yi daidai ku shafa fenti a jikin tirela inda ruwa ya tsaya. Ku fara sauke kwandunan kifi a gaɓa kafin a ja, a ɗaga inji kar farfela ta ci ƙasa, mai naɗi ya tabbata haƙorin winci ya kama don in hannun ya kuɓuce ya juyo da ƙarfi yana karya tsintsiyar hannu, kuma kar ya sa fuskarshi saitin igiya. A maƙala sarƙa, kowa ya kauce daga baya, ka ja a hankali ba tare da ka bari taya ta yi ta juyawa tana haƙa rami ba. Kun hau sama sannan a zare toshiya ruwa ya tsiyaye a ɗaure baya. Kuma ku yanke ma kanku lokaci, la'asar sakaliya jirgi na kan tirela, ciniki ko bai ƙare ba.

Amma bari in tambaye ka, dole ne sai kun ja jirgin nan kullum? Ka ce tsoron ɓarayin inji ne, to injin kawai ake tsoro ma. Yamaha 40 wajen kilo 70 ne, mutum biyu sun ɗauke shi su kwantar a bodi kan tsohuwar taya. Ku je ku gaida sarkin ruwan wurin, ku nemi a baku gefe ku ɗaure jirgi da sarƙa da kwaɗo kusa da kwale kwalen masunta, ku riƙa ba mai gadi wani abu, ku kwance inji da tankin mai ku tafi dasu gida, tirela sai ranar gyara ko in zaku canza dam. Ni wannan na fi so maku wallahi, mai ya ragu, motar suruki ta huta da laka, abun da ke haɗa ku faɗa safe da yamma ya tafi. In kuma ba amana a wurin, mai walda na iya ƙara ma wuyan tirela tsawo da ƙarfen da ake zurawa a cire, jirgi ya kai ruwa mota na kan tudu, ko ku nemi izini ku zuba marmara da duwatsu a gangaren ku da masu amfani dashi, ko lokacin bazara da laka ta yi nisa ku yi jinga da mai tarakta ko mai shanun amalanke.

Saida kaso kuwa haƙƙinka ne, ba wanda zai tilasta ka zama cikin tarayyar da baka so, kuma Keke Napep sana'a ce ta rufin asiri. Abun da nake jiye maka shi ne saidawa da zafin mari a kumatu, zaka karɓi duk abun da aka baka don ka rabu, kuma rabuwar zata zama ta zumunci gaba ɗaya a idon Inna. Ka bari a yi zaman, a biya gyara, ku gwada sabon tsarin wata biyu ko uku. In ka ga tsawa da wulaƙanci sun dawo, ko hannu ya sake ɗaguwa, to ka fita da mutuncinka, a kira wanda ya san kuɗin inji da jirgi ya yi masu ƙima, a fara yi ma Yaya tayi, in ba shi da kuɗi a dunƙule a yanka mashi biya kaɗan kaɗan, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu da shaidu biyu. Ko kun ci gaba tare ma takardar nan ku yi ta yanzu, wa ya zuba nawa, yaya ake raba riba, nawa ake ware ma gyara duk sati.

Sai maganar ɗaukar yara da sallah, wannan kam ɗana kar ka yarda ko da ita ce zata sake ɓata ku. Ba mu manta Bagwai ba a jihar Kano, ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya kife da 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi aka rasa gomman rayuka yawanci yara, kuma nan Mai'aduwa maƙwabtanku a watan Mayun 2022 cikin hidimar ƙaramar sallah kwale kwale ya kife da yara. Yaran sallah ba su zama wuri ɗaya, ɗaya ya ga abu ya nuna duk su koma gefe guda, ga mai jirgi da bashi a kai yana ƙirga kawuna yana cewa a ƙara mutum biyu. Jirginku na kifi ne, ba ku da rigunan ruwa na yara, ba ku saba da fasinja ba. Ka faɗi wannan a gaban dattijon ranar zama, ka ce rabin jirgin naka ne kuma baka amince ba, in ya so a tsawaita lokacin biyan gyaran, ko a roƙi suruki ya karɓa kashi kashi. Ku kanku ku sayi rigar ruwa uku, taka da ta Yaya da ta yaron da zaku ɗauka, ku sa su tun a gaɓa kafin tirela ta taɓa ruwa. Allah ya daidaita tsakaninku, ka gaida Inna.